Kayan Aro Da Gwanintar Ɗinki

Yau ba zancen kishiya ko uwar miji zan yi mana ba, zancen wani alƙalanci ne da aka ɗora mini, wanda ya sa 'yar yayata ta yi sati biyu ba ta taka gidana ba.

Ran nan na tashi daga Gyaɗi-Gyaɗi na je yawon Sallah gidan yayata a Tarauni, sai na tarar da 'yan matan layin sun cika falo, an jona waya da talabijin. Wai gasa suke. Kowace ta yanko hotunan katun ɗin Japan da suke kira anime, ta ɗora musu waƙa da manhajar CapCut, wadda ta ci za ta kwashe kuɗin katin da suka haɗa. Suka ce, "Anti, tunda ke marubuciya ce, ki raba mana gardama."

Kada ki ɗauka shiriritar yaran yanzu ce kawai, abin yana da asali. Tun 1982 wani saurayi a Amurka mai suna Jim Kaposztas ya jona na'urar bidiyo biyu, ya yanko yaƙe-yaƙen wani katun ya haɗa da waƙar mawaƙan Beatles. Daga nan abin ya bazu, har ya zama a manyan tarukan masoya anime, irin wanda aka fara a birnin Atlanta a 1995, ana ware zaure guda don wannan gasa, da alƙalai da ƙa'ida da rukuni-rukuni: na soyayya daban, na ban dariya daban, na faɗa daban.

To mu dawo falon yayata. Bidiyo biyu ne suka tsaya mini a rai, kuma duka daga Naruto aka yanko su, labarin nan na Masashi Kishimoto da aka fara nunawa a talabijin a 2002.

Na farko na Ummi ne, 'yar yayata. Wallahi yarinyar tana da hannu. Wuta na tashi, hoto na juyawa, kafin ki ƙifta ido an canja wuri sau uku. Amma waƙar da ta ɗora ita ce Jarumar Mata ta Hamisu Breaker, wadda matan aure suka yi ta taka wa mazajensu rawa da ita a 2020. Mawaƙi yana lallashin masoyiya, a allo kuwa ana naushin juna har jini. Kunne ya yi gabas, ido ya yi yamma. Ta zaɓi waƙar ne don tana sonta, ta zaɓi faɗan don yana burge ta, ba ta tsaya ta tambayi kanta ko su biyun za su iya zaman aure ba.

Na biyu na wata yarinya ce shiru-shiru 'yar maƙwabta, da aron wayar yayanta ma ta yi. Babu walƙiya ko ɗaya. Ta ɗauko wurin da Naruto, maraya, yake zaune shi kaɗai a kan lilo yana kallon iyaye suna taya 'ya'yansu murnar gama makaranta, ta sa masa wata waƙar maraici mai sanyi. Duk inda mawaƙin ya ja numfashi, nan take canja hoto. Da aka zo amshi na ƙarshe sai ga malaminsa ya ɗaura masa ƙyallen goshi na shaidar ya ci. Minti biyu kacal, amma da farko da tsakiya da ƙarshe. Na waiga na ga yayata, wadda ba ta san ko wane ne Naruto ba, tana share ido da bakin mayafi.

Ita na ba wa. Ummi ta miƙe ta ce, "Haba Anti! Nawa fa ya fi samun masu so a TikTok." Na ce, "Ummi, yawan 'yan kallo ba shi ne alƙali ba, ko faɗan mahaukata yana tara jama'a."

Na san wata za ta ce, ai duk kayan aro ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Gaskiya ne, shi ya sa na rage wa dukkansu maki, don babu wadda ta rubuta sunan mawaƙi ko na mai zane a ƙarshe, alhali guminsu ne. Amma mu marubuta mun san zafin wannan gori. Haka aka yi wa iyayenmu a rubutu a shekarun 1990, aka ce finafinan Indiya suke kwafa, aka laƙaba musu Adabin Kasuwar Kano. Waɗanda suka iya ɗinki a cikinsu har gobe ana karanta su. Tela ma ba shi ya saƙa atamfa ba, amma kowa ta san bambancin ɗinkin da ya zauna da wanda ya tattare.

Shawarata ga duk wadda yara suka kira ta raba irin wannan gasa, kada ki kore su, kada kuma ki yi son kai. Ki faɗi ƙa'ida tun kafin a fara, kamar yadda BBC Hausa take yi a gasar Hikayata ta mata tun 2016. Ki duba ko waƙa ta dace da hoto, ko akwai labari, ko an ambaci masu kaya, ko kuma abin zai kallu a gaban iyaye. Sannan ki gaya wa wadda ta faɗi dalili, don hukunci ba bayani shi ke haifar da gaba.

Ummi dai ta huce. Shekaranjiya ta zo da sabon haɗi, ta ajiye mini waya a cinya ta ce, "Anti, duba min, sun yi zaman auren?" Da saura, amma an kama hanya.

Allah Ya shirya mana zuri'a, amin. Taku a kullum.