Faifan Big Star na Farko: Sharhi a kan Yabon da Ya Zo a Makare

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1972 kamfanin Ardent na birnin Memfis ta Amurka ya fitar da faifan farko na ƙungiyar makaɗan Big Star, mai suna #1 Record. Masu sharhi sun yaba masa, amma kamfanin Stax da ya ɗauki nauyin rarrabawa bai iya kai shi kantuna yadda ya kamata ba, har abin da aka sayar a lokacin bai kai kwafi 10,000 ba. Akasarin masu ƙaunarsa sun san shi ne bayan an sake buga shi, a Ingila cikin 1978, sannan a faifan CD cikin 1992. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan jinkiri ya karkatar da yabo daga wanda ya fi cancanta da shi.

2.0 Salo da Jigo

Faifan na ɗauke da waƙoƙi 12 cikin salon da Pete Townshend ya raɗa wa suna power pop a 1967, wato gajeriyar waƙa mai zaƙin rauji da amshi, wadda aka ɗora bisa kakkarfan kiɗan jita da ganga. Jigon da ya ratsa shi shi ne ƙuruciya da ƙuncinta. "In the Street" ta zana samari masu yawon kashe lokaci don rashin abin yi. "Thirteen" kuwa ta ɗauki muryar yaro mai neman soyayyar farko, aka rage mata kayan kiɗa domin kunyar yaron ta fito fili. Gwanintar tana cikin zubi da tsari: an jera waƙoƙi masu amo da masu sanyi yadda kowace ke haskaka 'yar'uwarta, sannan faifan ya gangara zuwa natsuwa a ƙarshensa. Sai dai "The India Song" ta Andy Hummel ta raunana wannan tsari, don mafarkinta na ƙasa mai nisa ya saɓa wa sauran waƙoƙin.

3.0 Matsalar Mai Saurare na Baya

Wanda ya riski faifan a makare yakan iso gare shi ta hanyar sunan Alex Chilton. Chilton ya yi fice tun 1967 da waƙar "The Letter" a ƙungiyar Box Tops, kuma a 1987 ƙungiyar The Replacements ta yi waƙa sukutum da sunansa. Chris Bell kuwa, wanda suka tsara yawancin waƙoƙin tare, ya bar ƙungiyar a ƙarshen 1972, ya kuma rasu a haɗarin mota cikin Disamba 1978 yana da shekara 27. Sai ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hujjar tana cikin faifan kansa. Bell ne ya rera "Feel" da ta buɗe shi, da "In the Street" da "Try Again". Shi ne ya duƙufa a ɗakin ɗaukar murya na John Fry yana jera amshi bisa amshi. Idan aka kwatanta da Radio City na 1974, wanda Chilton ya jagoranta bayan tafiyar Bell, za a ji kiɗan ya yi kaushi, waccan sulɓin ta ragu. Haka nan I Am the Cosmos, tarin waƙoƙin Bell da aka fitar a 1992, ya nuna daga hannun wa irin wancan amshi ya fito.

4.0 Kammalawa

Ba a rage wa Chilton komai ba, domin muryarsa ce ta ɗauki "Thirteen" da "The Ballad of El Goodo". Abin lura shi ne, shahara ta baya takan bi wanda ya rayu ya ga lokacinta. Wajibi ne manazarci, ko a kiɗa ko a adabi, ya koma ga aikin ya tantance hannun kowa, kafin ya karɓi hukuncin da ya tarar a bakin jama'a.