Gargaɗin Mabuga Littattafai da Hakkin Mai Karatu

Duk wanda ya buɗe littafin zamani zai tarar da wani gargaɗi a shafin farko, inda kamfanin da ya buga shi ya hana a kwafi ko da layi guda sai da izninsa. Manomin da ya gama ajin Yaƙi da Jahilci a Kafur, in ya sayo littafi a kasuwar Malumfashi ya ga wannan, sai ya ɗauka doka ce. Malamin aji ma yakan ji tsoron rubuta sakin layi ɗaya a allo domin almajiransa. Wannan gargaɗi ya faɗi abin da ya wuce ikon masu shi.

Gaskiya ne marubuci yana da hakki, domin guminsa ne, kuma kamfani ya zuba dukiya. Wanda ya buga littafin wani a ɓoye ya sayar, ɓarawo ne, daidai da mai yashe rumbun maƙwabcinsa. Amma doka ta bar wa jama'a wata ƙofa, watau amfani na adalci: mutum ya ɗauki ɗan yanki don nazarin kansa, ko bincike, ko sharhi, ko ba da labari. Alƙali yakan duba dalilin ɗaukar, da yawan abin da aka ɗauka, da ko ya kashe wa littafin kasuwa.

To, ko kamfani yana iya toshe wannan ƙofa da yarjejeniya? Manoman Kafur sun san amsar irin wannan tambaya. Mai gona yana iya ba da aronta bisa sharuɗɗan da ya ga dama, amma ba shi da ikon sa sharaɗin a toshe burtalin da ya ratsa gefenta, gama burtali na jama'a ne.

A Amurka an daɗe ana wannan ja-in-ja. A 1908 Kotun Ƙoli ta can ta yanke cewa sanarwar da kamfanin Bobbs-Merrill ya buga cikin wani littafi, ta hana sayar da shi ƙasa da dala ɗaya, ba ta ɗaure ɗan kasuwar da ya saye shi ba. Duk da haka a 2003 wata kotun ɗaukaka ƙara ta yarda cewa wanda ya amince da yarjejeniyar manhajar kwamfuta yana iya sarayar da hakkinsa. Ingila kuwa a 2014 ta hana yarjejeniya soke wasu daga cikin hakkokin nan.

Nijeriya ta yanke maganar a fili. Dokar Hakkin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ce duk sharaɗin da ya nemi hana abin da dokar ta halatta, ɓatacce ne. Hikimar abin ita ce mai saye ba ya ciniki da kamfani a kan sharaɗi. An riga an buga, shi dai karɓa ya yi.

Aibin da ya rage shi ne har yanzu ana buga tsohon gargaɗin ba gyara, kuma wanda bai san hakkinsa ba tsoro kaɗai ya isa ya hana shi. Ya kamata mabuga su gyara lafazinsu ya dace da doka. Mai karatu kuma ya ɗauki gwargwadon bukata, ya ambaci sunan littafi da na marubuci, in yana son littafin duka ya saya.