Masu Bin Sawun Kayan Tarihi a Kan Taswira

A watan Fabrairun 1897 sojojin Birtaniya suka ci birnin Benin da yaƙi, suka wawashe fadar Oba Ovonramwen. Shi suka kore shi zuwa Kalaba. Allunan tagulla da kawunan sarakuna da sassaƙaƙƙen hauren giwa kuwa suka bi hannun hafsoshi da dillalai da 'yan gwanjon Landan, suka watsu a duniya. Aka yi shekara fiye da 120 ba mai iya zaunar da kai ya ce ga inda kowanne yake. Sai a watan Nuwamban 2022 aka buɗe Digital Benin, rumbun intanet da masana daga Najeriya da ƙetare suka haɗa a ƙarƙashin gidan tarihi na MARKK da ke Hamburg a Jamus. Ya fara da kaya 5,246 daga cibiyoyi 131 a ƙasashe 20, ga kuma taswirar da ke nuna mazaunin kowanne.

Wanda ya ga ɗigo-ɗigon nan a fuskar kwamfuta sai ya zaci na'ura ce ta zuba su. Ina! Bayan kowane ɗigo akwai mutumin da ya zauna ya yi nazari, ya yanke hukunci, kuma gwanintarsa ta cancanci yabo.

Aikin daga rajista yake farawa. Kowane gidan tarihi yana da kundin kayansa: lamba, suna, abin da aka yi shi da shi, inda ya fito, da wanda ya kawo shi. Wasu sun sakar wa jama'a nasu, kamar gidan Metropolitan na Amurka da ya buɗe bayanansa da hotuna kusan 375,000 kyauta a 2017. Mai taswira yakan zuba bayanan a jadawali, sannan ya nemo wa kowane sunan gari lambobi biyu da ke nuna matsayinsa a doron ƙasa. Kano, alal misali, tana wajen digiri 12 arewa da 8.5 gabas. Akwai ƙamusoshin sunayen wurare irin su GeoNames da na cibiyar Getty da ke ba da waɗannan lambobi. Daga nan sai a ɗora jadawalin a manhaja irin QGIS, wadda kyauta ce, ɗigogin su fito.

Wannan duk ana iya koyonsa ba da daɗewa ba. Abin da ke cin shekaru shi ne sanin inda rajista ke yaudara. Ka rubuta Benin kawai, manhaja tana iya jefa maka tagullar birnin Benin na Najeriya cikin Jamhuriyar Benin, ƙasar da sai a 1975 ta bar sunan Dahomey. Tsohon katin da ya ce Sudan sau da yawa ba ƙasar Khartoum yake nufi ba, yana iya zama Mali ta zamanin Faransa, ko ma dukan yankin kudu da Sahara, har da ƙasar Hausa. Matafiyan Turawa na ƙarni na 19 sun rubuta Sackatoo da Kashna, sai wanda ya san ƙasar zai gane Sakkwato da Katsina ke nan. Fatar jan akuyar Sakkwato ma ta daɗe tana shiga Turai da sunan Maroko, don ta can fatake suke fitar da ita. Saboda haka gwanin taswira sai ya haɗa da sanin tarihi da harshe, da haƙuri irin na mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Wani abin kuma, kaya ɗaya ba wuri ɗaya gare shi ba. Akwai inda aka ƙera shi, da inda aka ɗauke shi, da inda aka sayar, da inda yake yau. Ɗauki fuskar hauren giwa ta Idia, uwar Oba Esigie, wadda aka sassaƙa a ƙarni na 16, ta kuma zama tambarin bikin FESTAC na 1977. Tana gidan tarihin Birtaniya a Landan, 'yar'uwarta tana Metropolitan. Ɗan koyo zai sa musu ɗigo biyu ya tashi. Gwani zai ja zare daga Benin, ya bi ta hannun duk wanda ya taɓa riƙe su. Inda takarda ta yanke, sai ya bar giɓin a fili. Idan kati bai ce komai ba sai Najeriya, ba zai dasa ɗigo a tsakiyar ƙasar ba don kada mai kallo ya zaci daga wajen Abuja kayan ya fito. Zai shafe yankin da launi, alamar iyakar abin da aka sani ke nan. Riƙon amanar nan ita ce zuciyar sana'ar.

Idan an yi aikin da kyau, ido yakan ga abin da shafi dubu ba zai nuna ba. A taswirar Benin ta 2022, Landan ta tara sama da kaya 900 a gida ɗaya, Balin sama da 500, kuma bin zaren yana kai mutum ga Felix von Luschan, wanda ya yi ta saye wa gidan tarihin Balin tun kayan suna sabbin isa Turai. Mai neman a dawo da kaya ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Maƙerin unguwar Igun a Benin kuma yana iya duba aikin kakanninsa a wayarsa.

Rigunan saƙi da jakunkunan fata da takubban ƙasar Hausa suna nan jibge a gidajen tarihin Turai, da yawa a ƙarƙashin sunayen garuruwan da aka rubuta a karkace. Ɗalibin tarihi a Kano ko Damagaram ya riga ya mallaki abin da ya fi wuyar samu, wato kunnen da zai gane sunayen. Sauran kwamfuta ce da jadawali. Ya zaɓi kaya 50 daga gida ɗaya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya kai kowanne garinsu.