Aikin da Ke Bayan Allon Matuƙi

Tun ranar 1 ga Janairun 2020, hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta wajabta wa duk jirgin da zai shiga sararin da ake cunkoso ya ɗauki ADS-B, na'urar da ke sanar da inda jirgi yake da nisansa daga ƙasa a kowace daƙiƙa. Masu ƙananan jirage irin Cessna 172, wasu ƙirar shekarun 1970, suka yi layi wajen masu gyara. Hukumar ta ba da tallafin dala 500, amma bai kai ko'ina ba. Wanda kuwa ya ce a cire masa agoguna shida masu allura da ke gaban matuƙi a sa allon kamfanin Garmin, kuɗin da zai kashe kan kusanci na jirgin kansa.

Kaso mai tsoka na kuɗin ladan hannu ne, kuma ya cancanta. Mai gyara yakan kwanta rigingine, kansa a ƙarƙashin allo, ƙafafunsa a kan kujera, yana bin tsofaffin wayoyi ɗaya bayan ɗaya. A nan yake tarar da wayoyin da wani ya yanke shekaru da suka wuce ya bari suna reto. Shi sai ya bi kowace har tushenta ya zare.

Sabbin wayoyin a kan tebur yake haɗa su, zanen kamfani a gabansa. Kusan dukkansu farare ne, don haka kowace sai an sa mata lamba. Yakan fere bakin waya da abin da ba zai ƙwarzani ko sili ɗaya na tagullar ciki ba, domin silin da ya ji rauni girgizar inji za ta ƙarasa shi a sama. Ya zura ta cikin ɗan ƙaramin fil, ya matse da filaya ta musamman wadda ba ta saki sai matsin ya cika, sannan ya ja da yatsu ya ji ko ta kama. Haka zai yi sau ɗaruruwa. Wayoyin murya suna da rigar saƙar ƙarfe, kuma sai an haɗa rigar a inda ya dace, in ba haka ba gunjin lantarki zai cika kunnen matuƙi lokacin da hasumiya ke ba shi umarni.

Eriyar GPS a saman jirgi take zama, ta ADS-B galibi a ƙarƙashinsa, nesa da ta rediyo. Da yake an cire kaya an sa wasu, sai an sake lissafin nauyin jirgi da inda nauyin ya fi rinjaya. A fito da shi fili, inji na aiki, rediyo a kunne, a riƙa juya hancinsa gabas, yamma, kudu da arewa ana daidaita kamfas. A gwada bututun da ke auna iska ko yana yoyo. Sai duk wannan ya yi daidai mai lasisi zai sa hannu a takardar FAA mai lamba 337 da littafin jirgi.