Shaidar Mai Wasa da Hukuncin Mai Ƙagawa

Akwai wata magana da ta fara yawaita a bakin samarinmu masu koyon ilmin kwamfuta, tun daga nan Bolgatanga har Navrongo da Tamale, cewa wai wanda ya zauna ya ƙaga ɗan ƙaramin wasa, irin wanda ake buɗewa kai tsaye a shafin intanet ba sai an sauke shi a waya ba, ba shi da bukatar sauraron masu buga shi, domin a ganinsu jama'a ba su san sana'ar ba, wannan ya ce a sauƙaƙa, wancan ya ce a tsananta, har mai aiki ya rasa inda zai sa kansa. Ban musa yawan surutu ba. Abin da nake musu a kansa shi ne hukuncin da suka yanke, gama sun haɗa abu biyu mabambanta, watau shaidar mai wasa da fatawarsa, sun zubar da su a kwando ɗaya.

Tarihin fannin ba shi da tsawo. Tom Fulp ya kafa shafin Newgrounds a Amurka a 1995, inda daga baya masu wasa suka riƙa jefa ƙuri'a a kan abin da aka kawo musu. Kongregate ta biyo baya a 2006, itch.io a 2013, sa'an nan manhajar Flash, wadda akasarin wasannin farko suka dogara da ita, aka daina kula da ita a ƙarshen 2020. A Ghana kuwa, Eyram Tawia da abokinsa Wesley Kirinya na Kenya sun kafa Leti Arts a 2009, suka ɗauko Ananse daga tatsuniya suka sa shi a waya. Galibin masu wannan aiki mutum ɗaya ne ko biyu, ba su da dukiyar ɗaukar ma'aikatan gwaji kamar manyan kamfanoni, saboda haka wanda ya kore masu wasa daga majalisarsa ya kori masu gwajin da Allah ya ba shi kyauta.

To, ga mas'alar da nake so a tsaya a kanta. Alƙali ba ya karɓar hukunci daga bakin shaida, amma kuma ba ya yanke hukunci sai ya ji abin da shaida ya gani da idonsa. Idan yaro a Bawku ya aiko cewa, "Wasan nan ya yi wuya, a cire mataki na uku," to, maganarsa kashi biyu ce: cewa ya maƙale a mataki na uku shaida ce tabbatacciya, babu mai ikon ƙaryata ta, alhali cewa a cire matakin ra'ayi ne wanda ake iya karɓa ko a ajiye. Aikin mai ƙagawa shi ne ya bi shaidar da tambaya, a hankali kuma da ladabi: wace irin waya ce a hannunka, a ina yatsanka ya kuskure, me ka zaci zai faru da ka taɓa wurin? Sau da yawa sai a tarar illar ba a matakin take ba, maɓallin ne ya yi ƙanƙanta ga fuskar ƙaramar Tecno ko itel, ko hoton ya yi nauyi har data ta ƙare kafin ya buɗe, ko kuwa bayanin da Turanci aka rubuta shi ga mutumin da Kusasanci da Hausa yake ji. Wanda ya ƙaga wasansa a kan babbar kwamfuta a Accra, ina zai san waɗannan in ba a gaya masa ba?

Mafi ƙarfin shaida kuwa ita ce wadda ba a furta ba, wadda ake gani a cikin aikin masu wasa. Josh Wardle ya saki wasansa na kalmomi, Wordle, a watan Oktoba na 2021: kalma ɗaya mai harafi biyar kowace rana, dama shida ta cankowa. Wasu masu buga shi a ƙasar New Zealand suka so su nuna wa juna yadda suka yi ba tare da sun tona kalmar ranar ba, sai suka riƙa jera ƙananan murabba'ai masu launi da hannunsu, kore ga harafin da ya faɗa gurbinsa, rawaya ga wanda yake cikin kalmar amma ya sauka a wani gurbi. A duba hikimar da ke ciki, domin wannan jeri yana bayyana hanyar da mutum ya bi, da inda ya yi tuntuɓe, da inda ya farga, yana kuma rufe amsar ruf, ta yadda mai kallo zai ji kwaɗayin gwadawa ba a ɓata masa wasa ba. Wardle ya gani, ya mai da shi maɓalli guda a watan Disamba, wasan ya bazu a duniya, jaridar New York Times ta saye shi a Janairun 2022. Amma ƙa'idar kalma ɗaya a yini, wadda ita ce ruhin wasan, ya bar ta yadda take. Ya karɓi abin da ya ƙara wa ginin ƙarfi, ya tsare harsashinsa, kuma wannan shi ne adalcin da nake nufi.

Masu cewa sauraron masu wasa al'adar Turawa ce ba su zauna gindin bishiya a zango ba. Duk inda aka shimfiɗa allon dame ko na oware, daga Salaga har Yendi, 'yan kallo sun fi masu bugawa yawa, kuma babu motsin da zai wuce ba a yi masa sharhi ba. A ɗauki dara, wadda kakanninmu fataken goro suka sani tun daga ƙasar Hausa: gida 30, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ci ɗaya daga na abokin karawarsa. Me ya sa aka hana jera uku a lokacin da ake zuba 'ya'ya, kuma me ya sa jerin huɗu ba ya ci? Ba mu san sunan wani mawallafi da ya rubuta haka ba, kuma hankali yana nuna cewa kowace ƙa'ida daga cikinsu maganin wani ƙorafi ce, wanda aka yi ta maimaitawa har jama'a suka yi ittifaƙi a kanta. Haka dokar oware da ta wajabta wa mutum ya zuba wa abokin wasansa 'ya'ya idan gidajensa sun bushe, don kada wasa ya mutu a tsakiya. Ra'ayina, wanda na daɗe a kansa, shi ne wasa ba ya kammala a hannun wanda ya fara shi, sai ya ratsa hannuwa masu yawa.

Don haka nake kira ga ɗalibanmu na Jami'ar Fasaha ta Bolgatanga da makamantansu, su bar kwaikwayon wasannin harbe-harbe da ba za su iya gasa da masu su ba, su sa dara a shafin intanet, mara nauyi, da Hausa da Farafaranci da Dagbanci, su kai wa dattawan zango su gwada, su kuma buɗe hanyar aiko da saƙon murya ga wanda ba ya rubutu. Kai kuma mai wasa, idan za ka aika da magana, faɗi irin wayarka, da wurin da ka tsaya, da abin da ka gani, kafin ka kawo shawararka.