Mutuwar da ba a yi wa makoki ba: Ikemefuna cikin littafin Achebe

Littafin Chinua Achebe, Things Fall Apart, ya fito a Landan cikin 1958. A Nijar an fi saninsa ta fassarar Faransanci, Le monde s'effondre, ta 1966. Galibin masu nazarinsa kan tsaya ga zuwan Turawa ƙasar Ibo. Amma tun a babi na 7, kafin Bature ya sa ƙafa a Umuofia, gidan Okonkwo ya riga ya tsage.

Ikemefuna yaro ne da mutanen Mbaino suka bayar diyyar wata mata da aka kashe. Ya shekara 3 a gidan Okonkwo, har yana ce masa baba. Da tsafin gari ya yanke a kashe shi, dattijo Ezeudu ya gargaɗi Okonkwo kada ya sa hannu. Bai ji ba. Shi ne ya sare yaron da adda, don tsoron kada a ce da shi rago.

Abin lura shi ne, tun da gari ne ya yi hukuncin, gari ba ya da hanyar yin juyayinsa. Ba jana'iza, ba zaman makoki, ba mai zuwa gaisuwa. Saboda haka marubucin ya mayar da baƙin cikin ga jiki. Okonkwo ya kwana 2 bai ci abinci ba, sai bammi. Barci ya gagare shi, yana zagin kansa da cewa ya zama mace, shi da ya kashe mutum 5 a fagen yaƙi. Achebe ya ƙara wani abu ƙarami mai nauyi: lokacin ya faɗo tsakanin girbi da shuka, watau ba aikin gona da zai ɗauke masa hankali. A rana ta uku ya ci abincin da ƴarsa Ezinma ta kawo, ya tafi hira wurin abokinsa Obierika. Mai karatu na iya ɗaukar wannan a matsayin warkewa. Binne abin kawai ya yi, kuma Obierika ya faɗa masa ƙiri-ƙiri cewa aikin nan ba zai yi wa ƙasa daɗi ba.

Ɗansa Nwoye bai yi kuka a daren ba. Wani abu ne ya karye a cikinsa, irin wanda ya taɓa ji ran da ya jiyo kukan jariri daga dajin da ake yar da tagwaye. Sauƙi bai zo masa ba sai bayan shekaru, a babi na 16, kuma ta hanyar waƙar ƴan mishan ya zo, ba ta hujjojin wa'azinsu ba. Nan littafin ya ɗan yi gaggawa: sauƙin ya samu cikin layuka kaɗan, ga kuma tsadarsa, domin da shi Nwoye ya rabu da ubansa.

Ga mai niyyar juya waɗannan babuka zuwa Hausa don littattafan yaƙi da jahilci, akwai tarko. Kalmomin da suka fi kusa da hannu, haƙuri, dangana, ta'aziyya, duk suna ɗauke da jama'ar da ta taru ta amince an yi rashi. A Umuofia ba wanda ya amince da haka, kuma ba wanda ya ce wa Nwoye ya yi haƙuri: ran da ya yi kukan tafiyar Ikemefuna, duka ya sha a hannun ubansa.