Jinjina ga masu kula da fish

Gina sabon abu a manhaja kowa na so. Cire tsohon ba tare da an karya wa mutane aikinsu ba, shi ne wuyar, kuma a nan masu kula da fish suka cancanci yabo. Fish manhajar ba kwamfuta umarni ce ta rubutu, kyauta ga kowa, tun 2005.

Da can alamar ^ ce ke karkatar da saƙon kuskure. Da suka ga tana rikita mutane, ba su tumɓuke ta dare ɗaya ba. A sigar 3.0 ta 2018 suka sa makunni, mai so ya gwada sabon tsarin da ake amfani da 2> maimakon ^. A 3.3 sabon ya zama na kowa, amma mai tsohon rubutu na iya komawa baya. Sai a 3.5, cikin 2022, aka rufe ƙofar. Shekara uku da rabi kan alama guda!

Ajiyarsu ma tsaf take: kowane aiki da fayil ɗinsa, ba a ɗauko shi sai an kira sunansa. Masu rubuta manhaja, ku koyi wannan haƙurin.